Komawa gasa bayan rauni: jagora ga iyayen matashin ɗan wasan alkafura a Kano

Ranar da aka cire wa yaro siminti daga hannu, ko ya ajiye sandar dogarawa, kowa a gida yakan ɗauka an gama. 'Yan uwa su zo barka, a yi hamdala, shi kuwa tun a cikin adaidaita sahu kan hanyar dawowa daga asibiti ya fara: "Abba, gobe zan je atisaye?" Ko ga ɗan ƙwallo wannan tambaya tana da nauyi, balle ɗan jimnastik, wato wasan alkafura na zamani da ake yi a kan katifa da sanduna da zobba. A wannan wasa a kan hannu ake tsayawa, da shi ake dira. Idan kuma yaro ya diro daga alkafura, nauyin da ke sauka a idon sawunsa da gwiwarsa ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Ƙashin da ya haɗe har ya iya ɗaukar jakar makaranta bai kai ga ɗaukar wannan ba tukuna.

Ranar komawa ba takardar gayyatar gasa ce ke tsayar da ita ba. Koci yana da tawagar da zai cika, likita yana da layi a ƙofarsa, yaro kuma idonsa na kan lambar yabo. Ku ne kaɗai kuke tunanin ko wannan gwiwar za ta bar shi ya yi zaman tahiya lafiya idan ya kai shekara arba'in, don haka riƙe linzami aikinku ne. Zan riƙa cewa yaro don sauƙi, amma maganar ta haɗa da 'ya mace, kuma akwai abin da ya keɓanta da ita a gaba.

Mataki na farko: ku san sunan raunin

Mu a nan duk abin da bai kai karaya ba targaɗe muke ce masa, a shafa man zafi a ɗaure. Jikin matashi ba ya ɗaukar wannan sakacin. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi nasa akwai wani siririn guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo. Wurin ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi taushi, kuma ba ya rufewa sai ƙarshen balaga. Mata sukan riga maza da kamar shekara biyu. Shi ya sa faɗuwar da za ta zame wa babba targaɗe, ga ɗan shekara 13 tana iya zama tsagewa a daidai wurin girman.

Raunukan da suka fi addabar 'yan wannan wasa sanannu ne. Akwai ciwon wuyan hannu ta gefen babban yatsa, wanda ba faɗuwa ke kawo shi ba, yawan tsayuwa da dira a kan hannu ne ke gajiyar da wurin girman. Idan aka yi ta cije wa ana ci gaba, ƙashin wannan gefen yana iya daina girma da wuri alhali ɗan'uwansa na gefen ƙaramin yatsa yana ƙaruwa, hannun ya zauna da matsala har girma. Akwai ciwon ƙugu da ke tashi idan yaro ya gantsare. Sau da yawa wata 'yar tsaga ce a ƙashin baya na can ƙasa, kuma jinyarta takan ci wajen wata uku. Akwai gurɗewar idon sawu, da ciwon dunduniya ko na ƙasan ƙoƙon gwiwa da ke zuwa lokacin da yaro ke miƙewa. Mafi tsawon jinya ita ce ta tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Bayan tiyata ƙwararru da yawa ba sa yarda a koma gasa kafin wata tara, domin an ga matasan da suka yi gaggawa sun fi sake tsinka ta.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, ƙaramar tsaga ma takan ɓuya masa a kwanakin farko. Idan an ce hoto bai nuna komai ba amma ciwo ya ƙi tafiya bayan sati biyu, ko gwiwa tana zamewa idan ya juya, ku koma ku tambaya ko ana buƙatar MRI, wato hoton da ke nuna jijiya da ƙaramar tsaga. Kano ba ta rasa wurin zuwa ba: ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, ga na Murtala a cikin gari.

Maganar ɗorin gida ba zan tsallake ta ba, don a gidaje da yawa kaka ce ke yanke hukunci, kuma maɗori ya fi asibiti kusa da araha. Amma rauni a bakin gaɓa, a jikin yaron da bai gama girma ba, wanda kuma zai riƙa dira a kan wannan gaɓar, bai kamata a ɗaure shi da karare ba a ga hoto ba. In an riga an yi, kada ku ɓoye wa likita, a ɗauki hoto a ga yadda ya zauna. Idan kuwa yatsu suka yi sanyi, ko suka kumbura suka sauya launi, ko ya ce ba ya jin su, a sassauta ɗaurin a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Kada ku bar gaban likita sai da abu uku a rubuce: sunan raunin, motsin da aka hana shi da zuwa yaushe, da alamar da za a gani kafin a ce ya wuce gaba. Ku nuna masa bidiyon yaron yana wasa a waya. Ba kowane likita ne ya taɓa ganin abin da ake yi a kan zobba ba, kuma "zai iya komawa wasa" da aka faɗa ana tunanin ƙwallon ƙofar gida ba izinin alkafura ba ne. Idan yaron sikila ne ko yana da asma, ku faɗa tun a nan.

Na biyu: kada ku daina zuwa gashin ƙashi a hanya

Nan ne yawancin iyalai ke sarewa. Ciwo ya tafi, yaro yana tafiya, kuɗin mota da na kati sun isa mutum, sai a daina zuwa. Da yawa kuma sun ɗauka aikin sashen gashi, wato sashen asibiti mai dawo wa gaɓa da ƙarfinta bayan rauni, shi ne fitilar zafi da tausa. Waɗannan suna rage ciwo, amma abin da ke dawo da gaɓa shi ne motsa jikin da aka tsara, ana ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan. Ku ari tef ɗin tela ku auna cinyar da ta yi jinya da lafiyayyar, a tazara ɗaya daga ƙoƙon gwiwa. Bayan makonni a siminti za ku ga bambancin da idonku. Wannan tsokar da ta zube ita ke tare nauyi idan ya dira. In babu ita, gaɓa ce ke sha.

Idan aljihu ya yi ƙasa, ku faɗa wa likitan gashi gaskiya. Ku roƙa ya tsara abin da za a yi a gida kullum, ku ɗauki bidiyonsa yana nunawa, ku riƙa komawa ana dubawa ko da sau ɗaya ne a sati biyu. In kuna cikin inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jihar Kano (KSCHMA), ku tambayi abin da ta ƙunsa. In 'ya mace ce kuma ta fi sakewa da mace, ku nemi a haɗa ta da mace.

A wannan tsakani kada ku kulle shi a gida. Mai ciwon ƙafa zai iya aikin ciki da kafaɗa, mai ciwon hannu zai iya aikin ƙafa, in likita ya amince. Zuwa wurin atisaye sau ɗaya ko biyu a sati yana hana shi jin an manta da shi. Abin da za ku sa wa ido sosai shi ne lungu: tsohuwar taya da tarin yashi inda yaran unguwa ke gwada bajinta bayan la'asar. Shi da aka sani gwani ne, kunyar ƙin yi za ta kama shi, kuma dira ɗaya a can ta isa ta rushe aikin wata biyu.

Na uku: gwajin tsakar gida

Wannan ba ya maye gurbin gwajin asibiti, amma zai sa ku daina dogara da "na warke" kaɗai. In ciwon ƙafa ne, bayan likita ya ba da izinin tsalle, ya cire takalmi ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 ba ya dafa bango. Ya ɗaga dunduniya a kan wannan ƙafar sau 20, ku ƙirga, sannan ku ƙirga na ɗayar. Ya durƙusa kaɗan da ƙafa ɗaya ku tsaya a gabansa ku kalli gwiwar: tana tafiya saitin yatsu, ko tana faɗawa ciki? Sai ku ja layi da alli, ya yi tsalle gaba da ƙafa ɗaya ya tsaya cak, ku auna. Ma'aunin da masu gashi ke amfani da shi shi ne ƙafar da ta yi rauni ta kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar. In lafiyayyar ta yi santimita 150, ɗayar ba za ta gaza 135 ba, kuma ya sauka ba tangaɗi. Ku saurari sautin saukar ma. Ƙafar da ba ta shirya ba tim take faɗuwa, ba ta lanƙwasawa ta shanye nauyin.

In hannu ne, ya haɗa tafukansa a ƙirji ya ɗaga gwiwar hannu, ku ga ko duka biyun suna lanƙwasa daidai. Sannan ya dafa bango ya tura, ya dafa tebur, ya yi rarrafe a tabarma. Duk inda ya yamutsa fuska, nan ne iyakarsa a yau.

Na huɗu: zama da koci, da komawa hawa-hawa

Ku je da kanku, da takardar likita a hannu, kuma yaron yana wurin. Ku girmama koci, shi ya san wasan, amma ku fito da tsari a rubuce wanda ku duka kuka sani. In ya ce ba sai an rubuta ba, ku rubuta da kanku ku karanta masa.

Akwai kalma ɗaya da nake ganin ta fi duk sauran muhimmanci a wannan zama. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu ba sa musa wa malami, kuma abu ne mai kyau, amma a nan yana iya jawo illa: yaro zai ji ciwo ya yi shiru don kada a ce ya yi raini ko raki. Don haka ku faɗa a gabansa: "Malam, mun ba shi izini, duk lokacin da ya ji ciwo ya gaya maka ya tsaya. Ba raini ba ne, mu muka sa shi." Ku bari ya ji amsar kocin da kunnensa.

Tsarin komawa yana tafiya ne daga taushi zuwa tauri, daga ƙasa zuwa sama, daga kaɗan zuwa yawa. Mai ciwon ƙafa zai fara da tsalle da ƙafa biyu a kan katifa mai kauri, sannan dira daga ɗan benci, sannan gudu, sannan alkafura mai sauƙi koci yana tallafe da shi, kafin a kai ga teburin tsalle (wanda ake rugowa a dafa a yi alkafura ta kansa) da dirowa daga sanduna, waɗanda su ne ƙarshe. Mai ciwon hannu daga rarrafe zai koma tsayuwa da hannu jingine da bango, sai alkafurar gefe, sai can daga baya waɗanda ake buga hannu da ƙarfi a ƙasa. Doki mai mariƙa, wato kayan wasan da ake dafa mariƙansa ana jujjuya ƙafafu a kansa, shi ya fi kowane cin wuyan hannu, a bar shi ƙarshe. Mai ciwon ƙugu kuwa duk wani gantsarewa sai da izinin likita a fili. Idan wurin atisayenku ba shi da ramin soso, a ninka katifu, a ƙara yawan tallafi, a kuma ƙara tsawon kowane mataki. Ƙarancin kayan aiki dalili ne na ƙara jinkiri.

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. In an ƙara yawan dira a wannan satin, ba a ƙara wahalar motsi ba. Ranar da aka yi tsalle da dira a bi ta da ranar da babu su. Ku saya masa ɗan littafi na naira kaɗan ya riƙa rubuta abin da ya yi, dira nawa, da yawan ciwon da ya ji daga sifili zuwa goma, a daren da kuma washegari da safe. Ɗan tsamin tsoka da bai wuce biyu ko uku ba, wanda ya tafi kafin kwana ɗaya, ba abin tsoro ba ne. Kumburi da safe, ɗingishi, ko ciwon da ya kwana ya wuni, alama ce an wuce gona da iri: a huta kwana biyu a koma matakin baya. Amma in raunin na ƙashi ne ko na wurin girma, babu wani "kaɗan ne". Ciwo a daidai wurin yana nufin a tsaya a koma wa likita.

Wani abu da akan manta: yaron da ya yi wata shida yana jinya wataƙila ya ƙara tsawo da nauyi. Juyin da jikinsa ya haddace bara da wancan tsawon ya haddace shi. Dole ya sake koyon lokacin buɗewa da na dira, kuma ba laifinsa ba ne in abin da yake yi ido rufe ya zame masa baƙo.

Kada kuma ku tsaya ga tambayar "yaya jikin?", don amsarta "da sauƙi" ce kullum. Ku ce ya nuna muku wurin da yatsa ɗaya; in ya ɗora yatsa a kan ƙashi ya ce nan ne, ku ɗauka da gaske. Ku lura da shi a sallah, yadda yake dafa ƙasa zai yi sujada, ko yana miƙe ƙafa ɗaya a zaman tahiya. Ku ga da wane hannu yake ɗaukar buta. Idan kuwa ya faɗi da ka, ko da bai suma ba, atisayen ranar ya ƙare, likita zai gani kafin ya koma. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa ko yawan barci na gaggawa ne, wanda ya faɗi a kan wuya kuma ba a ɗaga shi a zaunar.

Na biyar: tsoro

Za ku iya ganin wannan: yarinya ta tsaya a farkon layin gudu, ta shafa hannu a cinya, ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Ta sake gyara ɗaurin gashi. Koci ya tafa hannu, ta taho da gudu, tana isowa teburin ta kauce. A hanyar gida ta ce, "Umma, wallahi ina so in yi, ƙafata ce ta ƙi." Gaskiya ta faɗa. Jiki ya warke amma ƙwaƙwalwa ba ta manta faɗuwar ba, kuma tsawa ba ta gyara wannan. Wanda ya shiga alkafura da rabin zuciya shi ne ke buɗewa a tsakiyar iska, daga nan kuma raunin wuya ke fitowa.

A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, Simone Biles ta Amurka, wadda duniya ke ganin babu kamarta, ta rasa sanin inda jikinta yake a cikin iska yayin tsallen teburi, ta janye daga wasanni da dama. Da ta dawo ta hau siririn katako, mai faɗin santimita 10 kacal, ta sauƙaƙa dirarta ta cire juyin da ke rikita ta, ta samu tagulla. A Paris a 2024 ta ci zinare uku. Abin da ta yi shi ne maganin: a koma ga motsin da ake yi ba fargaba, a maimaita shi har ya gundure, sannan a ƙara kaɗan.

Akan ba yara labarin Kerri Strug ta Amurka, wadda ta yi tsalle da raunin idon sawu a Olamfik ta Atlanta a 1996, a matsayin jarumta. Ku ƙarasa musu labarin: ɗauke ta aka yi zuwa wurin karɓar lamba, kuma ba ta iya shiga wasanninta na ɗaiɗaiku da ta cancanta ba.

A gida ku kiyayi harshe. "Kai ba namiji ba ne?" da "duk kuɗin da muka kashe a kanki?" suna sa yaro ya yi abin da bai shirya ba don ya wanke kansa. Ku hana yayye da kawunnai tsokana. In kun ga barci ya ƙaurace masa, ya daina cin abinci, ko ya janye daga abokai na tsawon makonni, ku gaya wa likita. Asibitocin koyarwa suna da masu kula da lafiyar tunani. In kuma bayan ya warke ya ce ya haƙura da wasan, ku saurare shi, ku ba shi lokaci, ku bar ƙofar a buɗe ta kowane ɓangare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na shida: abinci, barci, zafin gari da magani

Matashi yana buƙatar kimanin miligiram 1,300 na sinadarin kalsiyam a rana, kofin madara ɗaya kuma wajen 300 yake bayarwa. Kindirmo, fura da nono mai tsafta, zogale, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna taimakawa. Gina tsoka kuwa ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba: ƙwai, wake, ƙosai, alale, awara, gyaɗa. Barci awa takwas zuwa goma, wanda ke nufin waya ta kwana a ɗakin Umma in ta kama.

Ga 'ya mace, kada ku bari kowa, ko koci ne, ya yi mata gorin ƙiba bayan jinya. Yarinyar da ke rage abinci tana atisaye mai nauyi, al'adarta takan ɗauke, ƙashinta ya yi rauni, tsagewa ta yi ta dawowa. In al'ada ta tsaya wata uku, ko ta kai shekara 15 ba ta fara ba, a ga likita. Uwa ce za ta bibiyi wannan, koci ba zai sani ba. Batun sutura kuma, dokar wasan ta yarda da rigar da ta rufe ƙafa har idon sawu. 'Yan wasan Jamus sun sa irinta a Tokyo.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Atisaye mai nauyi a yi shi da safe, a tafi da ruwa isasshe, fitsari mai duhu alamar ƙarancinsa ce. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki. A watan azumi a sauƙaƙa, kada a gwada sabon motsi ko wanda ake tsoro da yamma lokacin da ƙarfi da natsuwa suka ragu.

Maganin kashe ciwo kafin atisaye kuwa, a'a. Ciwo ne ke sanar da yaro ya tsaya, in an kashe shi zai ci gaba da ɓarna bai sani ba. Ku bincika jakarsa, ku gargaɗi mai kemis na unguwa kada ya yi masa allura ba da saninku ba. Taramol, bayan illar da kowa ya sani a garin nan, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Na bakwai: zaɓen gasar farko

A ganina kada a sa sunansa sai ya yi aƙalla sati uku ko huɗu yana kammala cikakken wasansa a kan irin shimfiɗar gasa, ba ciwo, ba tallafi, likita kuma ya sa hannu. Gasar farko ta zama ƙarama, ta makarantu ko ta cikin jiha. Ba dole ya shiga duka ba: maza suna da kayan wasa shida, mata huɗu, zai iya farawa da ɗaya ko biyu da ba sa takura wurin raunin.

Ku roƙi koci ya sauƙaƙa wasan, kuma lissafi yana bayanku. Tun 2006 maki kashi biyu ne, na wahala da na tsaftar aiki. Kowane motsi yana da harafin da ke nuna wahalarsa: mai darajar B maki 0.2 yake bayarwa, mai darajar C 0.3. Sauka daga C zuwa B asarar 0.1 ce, faɗuwa ɗaya kuwa maki 1.0 cif alƙalai ke cirewa.

Matsi mafi girma yakan zo ne daga Gasar Matasa ta Ƙasa, wadda aka sha yi a Ilorin da Asaba, domin ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa ce, sai a ce muku bana ce damarsa ta ƙarshe. Damar wannan gasar ce ta ƙarshe, wasan bai ƙare ba. Ga Bikin Wasanni na Ƙasa da ake yi tun 1973 yana gaba. Uche Eke, wanda ya ci wa Najeriya zinare a wasannin Afirka na Rabat a 2019, ya haura shekara 20 kafin ya zama ɗan jimnastik na farko da ya wakilce mu a Olamfik. Rebeca Andrade ta Burazil sau uku jijiyar gwiwarta tana tsinkewa, a 2015 da 2017 da 2019, ta kuma ci zinare a Tokyo da Paris. Ku kuma duba kada komawar ta ci karo da WAEC ko NECO. Gajiyar karatun dare da ta atisaye a jiki ɗaya suke taruwa.

Ranar gasa da bayanta

Ko a ɗakin wasanni na Ƙofar Mata za a yi ko a wata jiha, ku nemi ya taɓa kayan kafin ranar, don katifu da allon tsalle sun bambanta. In tafiyar mota ce ta yini guda, ya samu kwana ɗaya na warware jiki. Ku tambaya wa ke kula da lafiya a wurin, ku sa kwafin takardar likita a jakarsa. Ku yi yarjejeniya da koci tun a gida cewa in ciwo ya taso wajen ɗumama jiki, an fasa, ba jayayya. Ku yi masa addu'a, ku zauna cikin 'yan kallo, ku bar koyarwa ga koci. Da ya fito, tambayar farko ta jiki ce, maki ya jira.

Washegari da safe ku duba kumburi, ku kalli tafiyarsa, a rubuta a littafi. Satin da ya biyo a rage nauyin atisaye. Motsa jikin da likitan gashi ya ba shi ya ci gaba aƙalla sau biyu a sati har ƙarshen shekarar, kuma a ƙafa biyu, domin bayan raunin gwiwa lafiyayyar ma tana cikin haɗari. In raunin ya taɓa wurin girma, likitoci sukan so a sake hoto bayan wata shida zuwa shekara don a tabbatar ƙashin yana girma daidai da ɗan'uwansa. Ku karɓi wannan ranar tun yanzu, ku je ko da yaron ba ya jin komai.